Yadda za ka hana taya barin rim idan ka sauke mata iska

Duk direban da ya saba shiga rairayi, taɓo ko hawan duwatsu ya san amfanin rage wa taya iska. Tayar da take ɗauke da psi 32 (psi shi ne ma'aunin matsin iskar taya) a kan kwalta, idan aka sauke ta zuwa 15 sai ta shimfiɗe, tafinta ya ƙara tsawo, mota ta riƙa bi ta saman yashi maimakon ta tona wa kanta rami. A kan dutse kuma takan lanƙwashe ta kama shi da kyau. Sai dai iskar nan da aka rage ita ce take riƙe da tayar a jikin rim tun farko. A taya marar tif babu noti, babu gam, iska ce kawai take danna bakin taya, wato wannan kaurin da yake da wayoyin ƙarfe a ciki, ya manne da leɓen rim.

A ɗauki taya mai tsayin inci 33 a kan rim inci 15. A lissafin gurguje, faɗin wurin da iska take turawa waje a kowane gefe ya kai kusan murabba'in inci 275. A psi 30, ƙarfin turin ya kusa kilo 3,700. A psi 10 ya sauko kusan kilo 1,250. A psi 5 kuwa bai fi 620 da ɗoriya ba. Mota mai nauyin tan 2 da ta karkata a gangare, ko aka murɗa mata sitiyari da ƙarfi cikin yashi mai zurfi, tana iya ɗora wa taya guda abin da ya wuce haka. Nan take bakin tayar zai zame ya faɗa kwarin da ke tsakiyar rim, iska ta fice gaba ɗaya, rim ya dira ƙasa.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka tantance wace matsala ce take damunka, domin guda biyu ne kuma maganinsu ya bambanta. Akwai fitar baki, wadda turi daga gefe yake jawowa, kuma yawanci bakin waje, wato na gefen da yake kallon wajen mota, ne yake fita. Akwai kuma juyawa, inda rim yake zagayawa a cikin taya saboda ƙarfin inji ko birki, tayar tana nan a wurinta amma ta goce. Gwajin mai sauƙi ne: ka ja layi da fenti daga leɓen rim zuwa gefen taya, ka fita ka yi aikinka, ka dawo ka duba. Idan layin ya rabu biyu, taya tana juyawa. Mutane da yawa sun huda rim ɗinsu da sukurori don maganin fitar baki, alhali sukuru juyawa yake hanawa.

Rim ɗin kansa shi ne rabin aikin

Ra'ayina a nan a fili yake: wanda ba ya sauka ƙasa da psi 12 zuwa 15 ba ya bukatar huda komai ko walda komai, muddin rim ɗinsa ya dace kuma an ɗaura tayar yadda ya kamata.

Ka cire taya ka shafa cikin rim da yatsa. Daga leɓe zuwa ciki akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri inda bakin taya yake zama, bayansa kuma akwai ɗan doro da ya zagaye rim ɗin. Wannan doron shi ne yake tare bakin taya idan an turo shi ciki. Rim mai kyau yana da shi a gefe biyu, kuma mazaunin bakinsa ya karkata da digiri 5 kacal. Rim ɗin da awonsa ya ƙare da rabi, irin su 16.5 da 17.5 da 19.5, mazauninsu ya karkata da digiri 15, kuma akasarinsu ba su da doron. An yi su ne don manyan motoci masu cikakkiyar iska. Da an rage musu iska sai bakin taya ya sulale kan wannan gangaren, shi ya sa 16.5 ya yi ƙaurin suna wajen zubar da taya. Tunda an ambace shi, a kiyaye: kada a taɓa ɗaura taya inci 16 a kan rim 16.5. Za ta shiga, amma ba za ta zauna ba, kuma idan aka matsa mata iska wayar bakinta tana iya tsinkewa ta fashe a fuskar mai aikin.

Sai faɗin rim. Taya mai lamba 33x12.50R15, wato mai tsayin inci 33 da faɗin inci 12.5 ta rim inci 15, kamfanoni sun amince a ɗora ta a rim mai faɗin inci 8.5 zuwa 11. A kan inci 10 gefenta yana tsayawa kusan a miƙe, kowane dutse ko kututture da ya doke ta kai tsaye yake tura bakin ciki. A kan 8.5 kuwa rim ya matso bakunan biyu kusa da juna, tayar tana neman buɗewa, don haka ita da kanta take danna leɓen rim ko iska ta yi ƙasa. Cikinta kuma yana bultsowa ya rufe leɓen, ya kare shi daga duwatsu. Masu hawan dutse da yawa har inci 8 suke sauka da irin wannan tayar, ko da yake wannan ya fita daga abin da kamfani ya rubuta kuma yana sa tsakiyar tafin taya saurin cinyewa a kwalta. Ka tsaya a mafi ƙanƙantar faɗin da aka amince da shi. Tsohon rim na ƙarfe mai wannan awon ya fi sabon alminiyam mai faɗi amfani a wannan aikin, kuma idan leɓensa ya lotsa guduma tana gyara shi.

Taurin taya ma yana da hannu a ciki. Taya mai lambar ɗaukar kaya E, gefenta yana da tauri, a ƙarƙashin mota marar nauyi sai an sauke ta ƙasa sosai kafin ta shimfiɗe. Mai lamba C takan ba da wannan shimfiɗar tun iska tana da saura. Idan psi 15 ya ishe ka abin da wani sai ya sauka 8 yake samu, ka tsallake matsalar tun daga tushe.

Wajen ɗaurawa kuma nan ne ake yawan ɓata aiki. A goge mazaunin baki da burushin waya har tsatsa da tsohuwar roba su fita, a bi da samfefa, a shafa fenti siriri a bar shi ya bushe sarai. Abin sulɓi kuwa ruwan sabulu kaɗan ko man ɗaura taya wanda yake bushewa. Giris da baƙin mai ba sa bushewa, suna nan a tsakanin roba da ƙarfe suna taimaka wa taya ta zame, ga shi suna lalata robar. Bayan an ɗaura, a bar ta da cikakkiyar iska kwana ɗaya ko biyu kafin a fara sauke ta. Baƙin gam ɗin da masu faci suke shafawa a bakin taya yana toshe yoyo a rim mai ƙuraje, yana ɗan ƙara kamu, amma kada a ɗauke shi makulli.

Tef, sanda, gam da sukuru

Hanya mafi araha ta ƙara kamu ita ce naɗa tef mai ƙarfi, irin mai zare a ciki, zagaye biyu ko uku a kan mazaunin baki da doron. Yana ƙara wa wurin kauri, taya ta shiga a matse. Sai an wanke rim ya bushe, an ja tef ɗin da ƙarfi ba tare da ya tattare ba. Idan ya yi yawa bakin ba zai hau ba. Zafi da ruwa suna cin gam ɗinsa, don haka duk sanda aka cire taya sai a sake sabo.

A rim na ƙarfe marar doro, mai walda yana iya yi masa doro: a lanƙwasa sandar ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 5 ta zagaye rim, a bar tazara daga leɓe daidai faɗin bakin tayar da za a ɗora, wanda za a auna a jikin tayar, a yi walda a goge ta yi sumul. Duk wani tsini da aka bari zai yage bakin taya ranar ɗaurawa. Ka sani kuma cire tayar nan gaba zai yi wuya.

Gam mai riƙewa da gaske shi ne irin wanda ake manna gilashin gaban mota da shi, baƙi mai kauri da yake bushewa da laimar iska. Silikon ba ya wannan aikin, toshe yoyo kawai yake yi. Ana sa tayar a rim, a danna bakin ƙasa, a goge roba da ƙarfe da sinadarin wanke maiƙo su bushe, a zuba gam kamar kaurin milimita 5 ko 6 tsakanin doro da leɓe, sannan a hura iska nan da nan, cikin minti 10 zuwa 15, tun bai yi fata ba. A bar ta a psi 30 zuwa 35 na awa 24 zuwa 48 ba a tuƙa ba. Bututu guda na mililita 300 yakan isa taya uku zuwa huɗu. Yana hana juyawa, yana hana yashi kutsawa, yana kuma ƙara juriya ga turin gefe. Illarsa tana zuwa daga baya: cire tayar yakan ɓantaro robar baki, kuma idan ta fita a daji duk da gam ɗin, busassun guntayensa za su hana ta sake zama sai an kankare su da wuƙa.

Sukuru dabara ce ta masu tseren gajeren zango, waɗanda ƙarfin injinsu yake juya rim a cikin taya. Suna huda leɓen rim da baki mai kusan milimita 5, su ɗaura sukuru mai ƙarfi mai kaurin kusan milimita 6 da tsawon 19, guda 8 zuwa 16 a kowane gefe, a tazara daidai. Ana hudar ne taya tana cire, a goge tsinin ramukan, a ɗaura taya a ba ta iska kamar psi 20 zuwa 25 don bakin ya manne, sannan a ɗaura sukurorin da hannu. Dole a auna kaurin leɓe da na baki tukuna, saboda tsinin sukurun ya tsaya cikin roba. Idan ya ɓulla ciki iska za ta bi shi. A titin tsere wannan yana aiki tunda ba a shan kwana. A daji kuwa dutse yana sare kawunan, turin gefe yana sa sukurun ya yage robar da yake riƙe da ita, ruwa yana bi ta ramin ya kai ga wayoyin baki su yi tsatsa, rim na alminiyam ɗin zubi kuma yana tsagewa daga ramukan. Ba na ba da shawararsa ga motar da take hawa kwalta ko kaɗan.

Sa tif a cikin taya marar tif yana hana iska ficewa idan baki ya ɗan ɗaga. Amma da taya ta juya sai ta ja tif ɗin ya tsinke daga gindin bawul, yashin da ya shiga kuma ya goge shi har ya huje. Wanda zai yi, ya nemi tif ɗin da aka yi don taya radiyal, ya cire duk takardun da aka manna a cikin tayar, ya barbaɗa hoda.

Zoben matsi na walda

Wanda aikinsa ya kai shi ƙasa da psi 10 yana bukatar abin da zai matse bakin taya ba tare da dogaro da iska ba, wato bidlok. Na kamfani yana da tsada, amma ana mayar da rim ɗin ƙarfe na yau da kullum ya zama shi da zobba biyu da aka yanko daga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6. Ɗaya ana yi masa walda a leɓen rim na waje, ɗayan ana ɗaure shi a kai da notuna, bakin taya yana tsakaninsu. A rim inci 15 ana sa bol 24 ko 32, mai kaurin M8, wato milimita 8, mai lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 a kansa. Bol marar lamba ba shi da wuri a nan.

Abu na farko, kuma ba a sassauci a kansa: ba a walda a rim taya tana kai, ko an sace iskar, ko an cire bawul. Zafi yana tayar da wani ƙonewa a cikin robar da ba a gani daga waje, matsi ya hau da sauri, tayar ta tarwatse bayan mintuna, wani lokaci bayan sa'o'i. An rasa rayuka ta wannan hanyar.

A fara da rim mai ƙarancin faɗi, inci 7 ko 8, domin zoben yana ƙara masa kusan inci guda. A ɗora shi a kan hob, wato inda ake ɗaura rim a jikin mota, a juya a tabbatar bai karkace ba. A goge fentin leɓe har farin ƙarfe ya fito. A ɗora zoben a daidaita shi ta kowane ɓangare, a ɗiga walda wuri huɗu masu fuskantar juna, sannan takwas, a sake juyawa a duba. Rawar da ta wuce milimita 1 ko 1.5 za ka ji ta a sitiyari. Sai a cike waldar kaɗan-kaɗan, kamar santimita 5 a nan, a tsallaka ɗaya gefen, ana barin ƙarfen yana hucewa. Wanda ya zagaye a jere ba tsayawa zai tarar zoben ya murɗe. Waldar nan ita ce za ta riƙe iska, kuma yoyo yakan fito ne a inda aka tsaya aka sake farawa, don haka kowane sabon layi ya hau kan ƙarshen na baya. A goge inda roba za ta taɓa ya yi sumul, a bi layin waldar da silikon siriri.

Wajen ɗaurawa, bakin ciki yana shiga rim kamar kullum da ruwan sabulu. Bakin waje kuma ba ya shiga, kwanciya yake a saman zoben. A daidaita shi a tsakiya da kyau, a ɗora zoben waje, a fara da bol huɗu a gicciye da hannu. Idan bakin yana da kauri, a yi amfani da dogayen bol su jawo zoben kafin a musanya su. Sauran a bi su a gicciye, mataki-mataki: Nm 10 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), sannan 15, sannan 20 zuwa 25, da sifana mai awon ɗauri. Roba tana lotsawa, don haka za ka zagaya sau da yawa kafin ka ga babu wanda yake ƙara motsi. Tazarar da ke tsakanin zobban biyu ta zama ɗaya ko'ina, a auna ta.

Abin da ya fi karya bol a irin wannan aikin shi ne karkacewar zoben waje. Bakin taya yana tokare shi ta gefen waje kawai, ta gefen ciki, wato wanda yake kallon tsakiyar rim, babu komai a ƙarƙashinsa, sai ɗaurin ya lanƙwasa shi ya yi kamar mazurari. Kan kowane bol sai ya zauna a karkace, yana lanƙwasuwa da kowane juyin taya har ya ɓalle. Maganinsa a sa matokari a gefen ciki, sandar ƙarfe ko washa, mai kauri daidai da bakin tayar bayan an matse shi. Ƙaramin abu ne, amma shi ne bambancin zoben da zai daɗe da wanda zai riƙa zubar da kawunan bol.

A sake bin notunan bayan kilomita 50 zuwa 80 na farko, da kuma kafin kowace fita. Kada a kwance ko guda ɗaya, ko don musanya wanda ya karye, sai an sace iskar duka. Kada kuma a cika wa irin wannan rim iska, shawarata a tsaya ƙasa da psi 30. Yana da nauyi, daidaita shi a injin balans yana da wuya, kuma wasu ƙasashen ba su yarda a hau titin jama'a da shi ba, sai ka bincika dokar inda kake. Ka tuna bakin waje kaɗai ya kulle. Na ciki har yanzu doro ne yake tare shi, shi ya sa haɗa zoben da tef ko gam a gefen ciki yake da ma'ana.

Akwai hanyar da take kulle baki biyu ba tare da walda ba. Ƙaramin tif ne cikin riga ta zare mai ƙarfi, yana zama a kan rim a cikin tayar, ana huda masa ramin bawul na biyu mai kusan milimita 8. Ana hura shi psi 40 zuwa 50, rigar ta hana shi kumbura sama, sai ya buɗe gefe da gefe ya danne bakunan biyu, ita kuma tayar a sauke ta yadda ake so. Kamfanin Staun na Ostareliya ya shahara da shi. Yana aiki a alminiyam ma. Wahalarsa a sakawa take: tif ɗin yakan maƙale ƙarƙashin baki ya huje, ko hanyar da iska take bi zuwa babbar tayar ta toshe idan ba a daidaita ta da bawul ba. Hoda da haƙuri suke magance yawancin wannan. Tsofaffin rim na motar soja Humvee kuma gida biyu ne da ake haɗawa da notuna da zoben roba a tsakani, ana sa musu abin tokare a ciki ya danne baki biyu, amma inci 16.5 ne masu ramin noti 8, ba kowace mota suke shiga ba.

A babur kuwa matsalar kusan kullum juyawa ce, kuma maganinta yana da araha: ɗan takalmin matsi da yake zama cikin taya, sandarsa ta fito ta ramin rim a ɗaure da noti. Awonsa yana bin faɗin rim, 1.60, 1.85, 2.15 ko 2.50. A ɗaure shi Nm 10 zuwa 13 bayan an ba taya iska ta zauna, fiye da haka yana lotsa rim. Notin bawul kuma kada a matse shi a jikin rim, a mayar da shi sama wajen murfi. Idan taya ta fara gocewa za ka ga bawul ya karkata, ka gyara tun bai tsinke ba. Wani tsarin babur na kamfani mai suna Tubliss kuma yana amfani da siririn tif mai psi 100 zuwa 110 ya danne baki duka zagaye.

Duk dabarar da ka zaɓa, ka riƙe geji mai auna ƙaramar iska, irin mai tsayawa a psi 30, domin na yau da kullum ba ya faɗin gaskiya a ƙasa da 10. Ka sassauta gudu, ka guji murɗa sitiyari har ƙarshe kana taka mai, ka kuma mayar da iska kafin ka hau kwalta, saboda taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi a gudu har ta lalace daga ciki. Idan baki ya fita, ka ɗaga motar da jak a kan katako mai faɗi, ka wanke yashin da ke bakin taya da rim, ka cire fil ɗin cikin bawul don iska ta shiga da yawa, ka ɗaure igiyar matse kaya a tsakiyar tafin taya ta tura gefunan waje, ka shafa ruwan sabulu ka hura. Da baki ya kama ka sassauta igiyar kafin ka ci gaba. Yatsunka su yi nesa da leɓen, kuma kada ka wuce psi 40 wajen zaunar da baki. Idan bai hau ba a nan, ka sace iskar ka duba abin da ya tare shi. Fesa fetur ko gas a kyasta wuta yana ƙona cikin taya, yana iya tsinka wayar baki, kuma ba ka da iko a kan matsin da zai tashi.